Tashar jirgin ƙasa ta Ƙauran Namoda: tarihinta, ayyukanta da sawun da ta bari cikin Hausar ƙasar Dakoro

0. Gabatarwa

Babu layin dogo a Dakoro, kuma cikin ƙarni na 20 duka ba a shimfiɗa ko taƙi guda na dogo ba a jahar Maraɗi. Duk da haka, wurin da ake shiga mota a Dakoro, a Kornaka ko a Sabon Mashi, sunansa « tasha ». Kalmar Faransanci « gare », wadda ke rubuce bisa takardun hukuma, ba ta yi saiwa ba cikin bakin talakawa. Ga mai nazarin harshe, wannan abin tambaya ne: ta wace hanya kalmar da aka haifa a bakin dogon Turawan Ingila ta zama ta yau da kullum a ƙasar da Faransa ta mallaka, wadda kuma jirgi bai taɓa ratsawa ba?

A cikin wannan ɗan rubutu muna so mu amsa tambayar ta hanyar bin tarihin tasha guda, wato ta Ƙauran Namoda, cikin jahar Zamfara ta Nijeriya. Ita ce ƙarshen reshen dogo mafi kusa da Maraɗi. Za mu duba yadda aka kafa ta (sashe na 1), ayyukan da take yi (sashe na 2), dangantakarta da ƙasar Dakoro (sashe na 3), dalilan ja-da-bayanta (sashe na 4), sannan sawun da ta bari cikin harshe (sashe na 5). A sashe na 6 za mu faɗi abin da wannan tarihi ke koya mana game da tashar da aka tsara ginawa a Maraɗi. Ra'ayinmu shi ne, iyakar tasha ba ta tsaya ga shingenta ba: tana kaiwa duk inda raƙumi, jaki ko mota suka ɗauko mata kaya. Bisa wannan ma'auni, ƙasar Dakoro ta zauna cikin da'irar Ƙauran Namoda shekaru masu yawa.

1. Kafuwar tashar

1.1. Daga Ikko zuwa Kano

Turawan Ingila sun soma shimfiɗa dogo daga Ikko, wato Legas, cikin shekara ta 1896. Ya kai Ibadan a 1901. A Arewa kuwa, gwamna Girouard ya soma wani layi daga Baro, bakin kogin Kwara, a 1907. Wannan layi ya ratsa Minna da Zariya, ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga ƴan kasuwa a 1912. A wannan shekara ce aka haɗa layin Kudu da na Arewa ƙarƙashin hukuma guda. Gadar Jabba, wadda ta raba jirgi da ƙetare Kwara bisa kwalekwalen ƙarfe, an gama ta a 1916. Tsawon hanyar daga Ikko zuwa Kano ya ɗara kilomita 1100, faɗin tsakanin ƙarafan biyu kuwa milimita 1067.

Abin da Turawa suka sa rai da shi auduga ce, domin masaƙun Ingila. Manoman Kano suka zaɓi gyaɗa, saboda ta fi kuɗi, ta fi sauƙin aiki, kuma in kasuwa ta ƙi ana iya cinye ta. Tun kakar 1912 buhunan gyaɗa suka fi ƙarfin taragun da ke akwai. Daga nan ne aka soma tara su tsibi-tsibi, abin da daga baya aka sani da « dalar gyaɗa ».

1.2. Reshen Zariya zuwa Ƙaura

Da ciniki ya bunƙasa, sai aka fitar da rassa biyu domin a kusanci gonaki masu nisa. Na yamma ya tashi daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929. Tsawonsa ya ɗara kilomita 200. Na gabas ya tashi daga Kano ya tsaya Nguru a 1930. Rassan biyu duk sun tsaya ɗan nesa kaɗan da iyakar Nijar, ɗaya yana fuskantar Maraɗi da Gobir, ɗaya yana fuskantar Damagaram da Mangari. Maganar kai reshen yamma Sakkwato ta daɗe ana yin ta, amma ba ta tabbata ba, don haka Ƙaura ta zauna a matsayin ƙarshen layi.

1.3. Sunan garin

An kafa garin a farkon ƙarni na 19. Namoda jarumin Alibawa ne, yana cikin shugabannin yaƙi na jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a ƙasar Zamfara. Ma'anar sunan ita ce wurin da Namoda ya ƙaura ya zauna. Mai karatun da ya saba da daidaitacciyar Hausa zai ce, tun da « ƙaura » tamace ce, kamata ya yi a ce « Ƙaurar Namoda ». Amsar tana cikin karin harshen yamma, wanda Zamfara, Gobir, Katsina da Maraɗi suka yi tarayya a kai: harafin nasaba na mace yana nashewa cikin baƙin da ke biye da shi.

(1) rigar sarki : rigas sarki
(2) motar malam : motam malam
(3) tashar jirgi : tashaj jirgi
(4) ƙaurar Namoda : ƙauran Namoda

Ke nan « n » ɗin da ke cikin sunan ba na jinsin namiji ba ne, naso ne. Taswirorin Turawa sun yar da shi, sun yar da ƙugiyar « ƙ », suka rubuta « Kaura Namoda ». Misali na (4) yana nuna mana wani abu mai amfani ga abin da zai biyo baya: mutumin Dakoro da ya sauka Ƙaura bai canza karin harshe ba, ko da ya canza ƙasa.

1.4. Tasha a bayan gari

Tashoshin wancan zamani ba a gina su cikin birni ba. A Kano tashar tana wajen ganuwa, haka ma a Zariya. Dalilai uku ne suka sa. Na farko, tasha tana son fili mai faɗi kuma shimfiɗaɗɗe, domin layukan ajiye taragu da rumbunan kaya. Na biyu, siyasar mulkin Ingila ta ƙi cakuɗa talakawan sarki da baƙin da suka zo daga Kudu. Na uku, kamfanonin ciniki suna son filaye a bakin dogo, inda dokar Turawa ke aiki. Sakamakon haka shi ne haihuwar unguwannin da ake kira Sabon Gari: na Kano an kafa shi a 1913, irinsa kuma suka tsiro a Zariya, Gusau, Ƙaura da Nguru. Cikin waɗannan unguwanni ne Bahaushe, Bayarabe, Inyamuri da Banufe suka yi maƙwabtaka, kuma nan ne kalmomin da za mu duba a sashe na 5 suka shiga Hausa. Al'adar ba ta mutu ba: tashar sabon layin Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, tana Rigasa, a gefen yammacin Kaduna.

2. Ayyukan tasha

2.1. Kaya

Babban aikin tashar ƙarshen layi shi ne sauya wa kaya abin hawa. Ana sauke buhu daga raƙumi ko mota, a aza shi bisa sikeli, akawu ya rubuta nauyi, a ajiye shi sito ko a fili ƙarƙashin tamfol, har ranar da aka samu tarago. Abin da ke gangarawa Kudu shi ne gyaɗa, auduga, fatu da ƙiraga. Abin da ke haurowa Arewa kuwa goro, gishiri, atamfa da akoko, kananzir, sukari, sabulu, kwanon rufi da siminti. Goro ya cancanci a tsaya kansa. Kafin dogo, fatake kan shafe watanni tsakanin Gwanja da ƙasar Hausa; da jirgi ya zo, goron ƙasar Yarabawa ya riƙa isowa cikin ƴan kwanaki, farashinsa ya sauko, ya zama abin da talaka ke iya rabawa wurin suna da ɗaurin aure.

2.2. Dabbobi

Aiki na biyu shi ne lodin dabbobi. Ana koro shanu da ƙafa daga Arewa har bakin dogo, a Kano, Nguru, Gusau ko Ƙaura, sannan a loda su cikin taragu zuwa mahautan Ibadan da Ikko. Amfanin jirgi a nan a bayyane yake: sa da aka kora da ƙafa har bakin teku yana ramewa, kuma dole ya ratsa dajin ƙudan tsando. Jirgi ya rage kwanakin tafiya, ya rage asara.

2.3. Mutane

Taragun fasinja an kasa su aji-aji, kuɗin tikiti yana bin aji. Talakawa suna shiga aji na ƙasa, bisa bencin katako. Mafi yawansu ƴan cin rani ne, da almajirai, da ƙananan ƴan kasuwa. Bayan girbi, saurayi daga Gobir, Adar ko ƙasar Maraɗi yakan taka zuwa bakin dogo, ya shiga jirgi zuwa Zariya, Kaduna, Jos ko Ikko, ya yi dako ko ga-ruwa, ya komo kafin shuka da kuɗin haraji da tufafin gida.

2.4. Ruwa, waya da lokaci

Kan jirgi na wancan zamani da kwal da tururi yake aiki. Kwal ɗin daga Inugu ake kawo shi, inda aka soma haƙarsa cikin shekarun 1910. Ruwa kuwa dole tasha ta tanade shi cikin babban tanki. Kan jirgi mai shan gas ya soma shigowa a 1955, shekarar da aka kafa hukumar jiragen ƙasa ta Nijeriya. Bayan wannan, wayar tangaraho tana bin gefen dogo, domin shugaban tasha ba ya sakin jirgi sai ya ji daga tasha ta gaba cewa hanya a buɗe take. Jakar wasiƙu ma jirgi ke kawo ta. A ƙarshe akwai agogo. Manomi da makiyayi da hantsi, azahar da la'asar suke auna yini. Tasha na cikin wuraren farko da talaka ya gamu da alƙawarin da aka ɗaure da « ƙarfe kaza », wanda in ya kuskure shi sai ya kwana biyu ko uku yana jira.

3. Ƙasar Dakoro cikin da'irar tasha

Faransawa sun kafa barikin Dakoro a 1947, kimanin kilomita 120 arewa da Maraɗi, domin kula da makiyaya da manoman da ke ta hawa arewa neman sabbin gonaki. Ƙasar kashi biyu ce. Kudancinta, wajen Kornaka, Sabon Mashi da Ɗan Gulbi, ƙasar noma ce. Arewacinta, daga kwarin Tarka zuwa Barmo da Gadabeji, ƙasar kiwo ce ta Fulani da Buzaye. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa a wannan yanki. Kowane kashi yana da abin da yake aika wa dogo: kudu gyaɗa, arewa shanu da fatu.

Noman gyaɗa don sayarwa ya soma ƙarfi a ƙasar Maraɗi cikin shekarun 1930, ya bunƙasa bayan yaƙin duniya na biyu. Abin da ya tura manomi gare shi, da farko, shi ne « lanho », harajin da dole a biya da kuɗi. Kamfanoni irin su CFAO, SCOA da Compagnie du Niger Français suka buɗe kantuna a Maraɗi, suna ba ƴan kasuwar gari jari su sayo musu gyaɗa cikin kasuwannin ƙauye. Daga cikin waɗannan masu saye ne aka samu da yawa daga attajiran da Emmanuel Grégoire ya yi nazarinsu cikin littafinsa na 1986 game da alhazan Maraɗi.

Sai dai Nijar ba ta da teku, ba ta da dogo. Layin Faransa mafi kusa shi ne na Dahome, wanda ya tashi daga Kwatanu ya tsaya Faraku a 1936, kilomita 438, faɗinsa mita guda. Daga Maraɗi zuwa Faraku kusan kilomita 1000 ne bisa hanyar mota. Daga Maraɗi zuwa Ƙauran Namoda, ta Ɗan Isa, Jibiya da Zurmi, ba a kai kilomita 200 ba. Lissafin ba ya bukatar dogon bayani. Gyaɗar Damagaram da Magarya ta bi ta Kano, ta Maraɗi kuwa ta bi ta Ƙaura da Kano. Buhun da aka auna a kasuwar Kornaka yakan hau raƙumi zuwa Maraɗi, ya hau mota zuwa Ƙaura, ya hau jirgin ƙasa ta Zariya, Kaduna, Minna, Jabba da Ibadan zuwa Apapa, sannan jirgin ruwa ya kai shi matsun mai na Marseille ko Bordeaux. Abin lura a nan shi ne, tare da kowane buhu akwai mutane: mai raƙumi, direba, yaron mota, lebura, ɗan kamasho. Su ne suka komo gida da kalmomin tasha.

4. Ja-da-baya

Abubuwa biyar ne, a ganinmu, suka raba ƙasar Maraɗi da tashar Ƙaura.

Na farko siyasar kuɗi ce. Duk buhun da ya bi ta Nijeriya, da fam na Ingila ake biyan kuɗin ɗaukarsa, ga shi kuma bayan yaƙi dogon Nijeriya ya cushe saboda ƙarancin taragu. A 1953 Faransa ta ƙaddamar da shirin da ta kira « Opération Hirondelle », wato shirin tsattsewa: motoci su gangara Faraku da gyaɗa, su hauro da kayan kanti, hukuma ta cika gibin kuɗin. An gama gadar Gaya zuwa Malanbil a 1958, aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Dahome da Nijar, OCDN, a 1959, wadda daga baya ta koma OCBN. Bayan samun ƴancin kai, SONARA, da aka kafa a 1962, ta karɓi fitar da gyaɗa daga hannun kamfanoni. Wani kashi na gyaɗar gabas ya ci gaba da bin Nijeriya, amma Ƙaura ta daina zama ƙofa tilo.

Na biyu shi ne mutuwar gyaɗar kanta. Noman ya kai ƙololuwa wajen 1966 da 1967. Sai farin 1973 da 1974 ya zo, cutar kuturtar gyaɗa ta biyo baya a 1975. Manoma suka koma ga hatsi, wake da aya. A lokaci guda ƙarfen uraniyom na Arlit, wanda aka soma haƙa a 1971, ya maye gurbin gyaɗa cikin abin da ƙasa ke fitarwa.

Na uku mota ce. Arzikin man fetur na shekarun 1970 ya ba Nijeriya kwalta da tireloli. Tirela tana ɗaukar shanu daga kasuwar Jibiya ta sauke su Ikko ba tare da sauyin abin hawa ba, kuma ba ta jiran ranar jirgi.

Na huɗu, hukumar jiragen ƙasa ta Nijeriya da kanta ta raunana cikin shekarun 1980, rassan nesa su ne suka fara jin jiki. An yi aikin gyaran tsofaffin layuka cikin shekarun 2010, jirgin Ikko zuwa Kano ya komo aiki a ƙarshen 2012, amma Ƙaura ba ta koma matsayinta na da ba.

Na biyar shi ne iyaka da tsaro. An rufe iyakar Nijeriya daga 1984 zuwa 1986, daga 2019 zuwa 2020, sannan daga 2023 zuwa 2024. Tun shekarun 2010 kuma ɓarayin daji suka addabi hanyar Zurmi zuwa Jibiya, wadda ita ce tsohuwar hanyar gyaɗa.

5. Sawun tasha cikin harshe

5.1. Siffar kalmar « tasha »

Asalin kalmar ita ce ta Ingilishi « station ». Sauye-sauye uku suka same ta. Na farko, Hausa ba ta yarda baƙi biyu su fara kalma ba. Akwai dabaru biyu na warware wannan: ko a saka wasali tsakaninsu, ko a yar da baƙin farko.

(5) saka wasali : sito, sikeli, sitiyari
(6) yar da baƙi : tasha, titi

Kalmomin rukuni na (6) sun yi kama da siffar da suke da ita cikin Yarabanci, abin da ya dace da tarihi: ma'aikatan dogo na farko mutanen Kudu ne, daga bakinsu Bahaushe ya ji kalmar, ba daga bakin Bature ba. Ta wannan hanya ce kuma kalmomin Yarabanci na asali suka shigo, irin su « akawu », « agogo » da « ashana ».

Sauyi na biyu shi ne faɗuwar « n » na ƙarshe. Kunnen Bahaushe ya ɗauke shi harafin nasaba, sai ya cire shi daga saiwar kalma. Haka ya faru ga wasu kalmomin wannan fage:

(7) kanti, inji, kamasho, tasha

Sauyi na uku ya shafi jinsi. Kanti, inji da kamasho sun zama maza. « Tasha » kuwa, da ta wayi gari tana ƙarewa da « a », sai ta bi ƙa'idar mafi yawan sunaye masu wannan ƙarshe ta zama mace: tasha ce, tashar mota. Jam'inta « tashoshi » ya bi tsarin da kalmomin aro suka fi bi, kamar mota da motoci.

5.2. Faɗaɗar ma'ana

Daga bakin dogo kalmar ta koma kan mota, sannan jirgin ruwa, sannan rediyo da talabijin. A ƙasar Dakoro ma'ana ta biyu ce ta iso ta zauna. Ƙauyukan da suka tsiro a inda motoci ke tsayawa da yawa sun ɗauki sunan Tasha tare da sunan wanda ya kafa su. Taswirar Faransanci tana rubuta shi « Tacha ». Kalmar ta haifi ƴaƴa: « ɗan tasha », wanda ya wuce mai aiki a tasha ya koma mara tarbiyya, da « tashanci », halin irin wannan mutum. Wannan ma'ana ta raini tana ɗauke da hukuncin da mutanen cikin gari suka yanke wa unguwar bayan gari da muka ambata a 1.4. Kalmar da ta yi jam'i, ta shiga sunan gari, ta haifi sunan hali, ta gama zama ƴar gida.

Ya kamata a lura cewa Zabarmanci ma daga Ingilishi ya aro tasa kalmar, « tesam », amma ta wata hanya dabam, ta ƴan cin ranin Gana. Manyan harsunan Nijar biyu ke nan suka tsallake « gare » ta Faransanci, kowane ya ɗauko kalmar daga dogon da mutanensa suka hau.

5.3. Aro da ƙirƙira

Ba kome aka ara ba. Abin hawan kansa sunan gida aka ba shi: « jirgi », wanda a da kwalekwale ne, ya zama jirgin ƙasa, daga baya jirgin sama. Hanyarsa kuwa siffarta aka duba aka ce « dogo », ko da yake « reluwe » na nan a matsayin sunan hukuma da unguwar ma'aikata. In muka jera kalmomin sufuri da ake ji a ƙasar Dakoro, za mu ga sun rabu bisa hanyar da suka biyo:

(8) ta tasha da kasuwa : tikiti, fasinja, lodi, lebura, direba, tarago, gada, faskila
(9) ta bariki da lakkol : lanho, duwan, kumandan, mushe, farfe

Rukuni na (8) daga Ingilishi yake, na (9) daga Faransanci. Rabon a sarari yake: abin da ya shafi tafiya da ciniki daga kudu ya zo, abin da ya shafi mulki da boko daga Yamai ya zo. Inda fagagen biyu suka haɗu akan samu tagwaye, kamar « kwastan » da « duwan », kuma mai magana yakan zaɓa gwargwadon gefen iyakar da yake nufi.

6. Tashar Maraɗi: darasi daga Ƙaura

Nijar ta riga ta ga tasha guda. An buɗe ta Yamai a watan Afrilu na 2014, kamfanin Bolloré ya shimfiɗa kimanin kilomita 140 zuwa Doso, aka yi bikin kammalawa a farkon 2016. Layin bai haɗu da Faraku ba, shari'a ta shiga tsakanin masu neman kwangilar a Benin, jirgin bai yi aikin kasuwanci ba. Gini ya samu, abin da zai ciyar da shi bai samu ba.

A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, kimanin kilomita 284, ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, a hannun kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal. Faɗinsa milimita 1435 ne, wato ya saɓa wa tsohon dogon Nijeriya, ya saɓa wa na Benin. Taragon ɗaya ba ya hawa ɗaya. In aikin ya kammala, bakin dogo zai matso daga Ƙaura zuwa kilomita 120 daga Dakoro. Tarihin da muka bi yana nuna sharuɗɗa uku.

Sharaɗi na farko, tasha da hanyoyin da ke kawo mata kaya take rayuwa. Hanyar Dakoro zuwa Maraɗi ta Kornaka, da wurin lodin dabbobi mai ruwan sha, suna da muhimmanci daidai da ginin tashar. Na biyu, iyaka: mun ga an rufe ta sau uku cikin shekaru 40, kuma jirgi ba ya da barauniyar hanya kamar mai babur. Na uku shi ne namu, masu nazarin harshe. Kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar. Fasinjan da zai hau wannan jirgi, daga Maraɗi har Kano, Hausa yake ji. Ba daidai ba ne allo ya yi masa Faransanci a gefe guda, Ingilishi a ɗaya gefen. Shawararmu ita ce a riƙe kalmomin rukuni na (8) yadda suke, tun da jama'a sun riga sun zaɓe su, a ƙirƙiri sauran daga cikin gida:

(10) guichet : tagar tikiti
(11) quai : dakalin jirgi
(12) salle d'attente : zauren jira
(13) horaires : lokutan tashi da isowa
(14) passage à niveau : mararrabar dogo

Misali na (14) ya wuce batun ƙamus. Garken da ke gangarowa daga Tarka da rani suna bin burtali zuwa Nijeriya, kuma dole wasu burtalan su gamu da dogo. Makiyayin da bai taɓa ganin jirgi ba bai san cewa jirgi ba ya tsayawa nan take ba. Gargaɗi cikin Hausa, Fulatanci da Buzanci, bisa allo da kuma ta rediyon karkara, yana cikin ayyukan tasha kamar yadda sikeli da tanki suke a Ƙaura.

7. Kammalawa

Mun nuna cewa tashar Ƙauran Namoda, wadda aka buɗe a 1929, ta yi wa ƙasar Maraɗi da Dakoro aikin ƙofar teku har zuwa lokacin da shirin tsattsewa, fari, tirela da rufe iyaka suka janye mata kaya. Mun nuna kuma cewa kalmomin sufuri na Hausar wannan yanki shaida ce ta wannan dangantaka: siffarsu tana faɗin bakin da suka fito, rabonsu da kalmomin Faransanci yana faɗin fagen da kowace ƙasa ta riƙe. Aikin da ya rage na fili ne. Tsofaffin masu raƙuma, direbobi da ƴan cin rani da suka taka hanyar Jibiya zuwa Ƙaura suna ƙarewa. Muna kira ga ɗalibanmu masu neman batun kundi da su ɗauki maganarsu a Kornaka, Sabon Mashi da Dakoro, su jera kalmomin, su kwatanta su da na Katsina da Gusau, domin a samu ƙamus na sufuri da za a miƙa wa masu rubuta allunan tashar Maraɗi.